Daga rijiyoyin Bader Goula zuwa duniyar Mars: tambayar da zangon ƙarshe na The Expanse ya bar wa Nijar

A tsakiyar rani, rijiya ba ta hutawa a arewacin Dakoro da ke jihar Maraɗi. A yankin Bader Goula da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da kwarin Tarka, jaki ne ko sa ko raƙumi ke jan igiyar guga, yaro na biye da shi da sanda, sai dabbar ta yi tafiya mai nisa kafin gugan ya leƙo bakin rijiya. Tsawon wannan tafiya shi ne zurfin ruwan. A gefe kuma garkuna na tsaye suna jiran layi, kowa ya san wanda zai fara sha da wanda zai jira, kuma kowa ya san dalili.

Da dare ya yi, da yake babu fitilun birni da za su dusashe sama, sai taurari su sauko kamar a miƙa hannu a taɓa. Ga Zara kusa da wata, ga Kaza da 'ya'yanta a lokacinta.

Akwai wani fim mai dogon zango na Amurka da ya haɗa waɗannan abubuwa biyu wuri guda, wato taurari da layin ruwa. Sunansa The Expanse. Bai yi tashe a ƙasar Hausa kamar Labarina ko finafinan Indiya na fassara ba, domin da Turanci yake, kuma a manhajar Prime Video ake kallonsa, ga kuɗin rajista ga kuɗin data. A ƙauyen da fim ke zuwa ta memori daga shagon cajin waya, ba shi ne za a fara tura maka ba. Amma zangonsa na shida kuma na ƙarshe, wanda aka nuna daga 10 ga Disamban 2021 zuwa 14 ga Janairun 2022, ya rufe ne da wata muhawara da makiyayin Dakoro zai gane tun kafin a fassara masa, kuma abin da ya faru da wani dutse na Agadas a 2025 ya sa ta zama muhawarar Nijar ita kanta.

Wanda bai kalla ba kuma yana da niyya, ya sani cewa za mu faɗi yadda labarin ya ƙare.

Fim ɗin da aka binne ya tashi

An ciro labarin ne daga jerin littattafai 9 na wasu marubuta biyu, Daniel Abraham da Ty Franck, waɗanda ke rubutu da suna guda, James S. A. Corey. Tashar Syfy ta fara nuna shi a Disamban 2015, sannan ta dakatar da shi a Mayun 2018 bayan zango uku. Ba don ya lalace ba. Yarjejeniyar tashar ta ba ta damar cin moriyar masu kallo kai tsaye a talabijin ne kawai, alhali jama'a sun koma kallo ta intanet.

Masoyan fim ɗin suka yi ca. Har jirgin sama suka yi haya ya riƙa shawagi da ƙyalle a saman ofishin Amazon a Kalifoniya, ana roƙon a ceci fim ɗin. Kafin watan ya ƙare, mai kamfanin Amazon, Jeff Bezos, ya sanar a wani taron masu sha'awar sararin samaniya cewa sun karɓe shi. Aka ƙara zango uku, jimilla kashi 62. Zangon ƙarshe kashi 6 ne kacal, shi ne mafi gajarta, kuma ana jin gaggawar a jikinsa. Duk da haka kashin rufewa, Babylon's Ashes, ya lashe lambar yabo ta Hugo a 2023.

Labarin yana faruwa ne shekaru fiye da 200 nan gaba. Ɗan Adam ya bazu a sararin samaniya ya kasu uku. Akwai wannan duniya tamu ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai duniyar Mars da ta ɓalle ta zama ƙasa mai ƙarfin soja, sai kuma mazauna wata ɗamarar duwatsu da ke zagaye rana tsakanin Mars da Jupiter. Mu kira su 'yan Ɗamara. Su ne masu haƙar ma'adinai da sarar ƙanƙara, su ke ciyar da masana'antun manyan biyu, amma iskar da suke shaƙa da ruwan da suke sha sai sun biya wa kamfanoni kuɗinsu. Idan suka yi bore, a rage musu rabon ruwa. Da yake an haife su a inda babu nauyin ƙasa, ƙashinsu ya yi tsawo ya yi rauni, ko an kawo su duniyar kakanninsu ba za su iya tsayuwa da ƙafafunsu ba. Har harshensu daban ne, wani gauraye da masanin harshe Nick Farmer ya ƙirƙira musamman domin fim ɗin.

Babban birninsu shi ne Ceres, kuma wannan ba ƙirƙira ba ce. Ceres na nan da gaske, faɗinta kusan kilomita 940, an gano ta a 1801, kuma kumbon Dawn na hukumar NASA da ya isa wurinta a 2015 ya tabbatar da cewa tana ƙunshe da ƙanƙara mai yawa. A cikin fim ɗin, an riga an kwashe wannan ƙanƙara an kai wa manya, mazauna wurin kuma suna layin ruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba sai an yi wa ɗan Nijar dogon bayani a nan ba. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an kuma daɗe ana kai wa tashoshin lantarkin Faransa, amma har zuwa juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya ake sayo ta, kuma kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a gidansa. A karkara abin ya fi haka muni.

Garin da mai ceto ya yashe

Abin da ya sa zangon ƙarshe ya fi ƙarfin fim ɗin harbe-harbe shi ne yadda ya ɗauki mugun cikinsa. Marco Inaros, wanda Keon Alexander ya fito a matsayinsa, ɗan Ɗamara ne mai baki, kuma kusan duk abin da yake faɗa game da zaluncin da aka yi wa mutanensa gaskiya ne. A zango na biyar ya shafa wa manyan duwatsu wani sinadari da ke ɓoye su daga na'urorin hange, ya jefo su kan duniya. Na farko ya faɗo ne a Afirka ta Yamma, kusa da Dakar. Miliyoyi suka mutu, ƙura ta rufe rana, amfanin gona ya lalace. Ko a fim ɗin da ke tausayin talaka, mu aka fara jefa wa dutse, kuma kyamara ba ta daɗe a kanmu ba.

Zango na shida ya buɗe Marco na mulkin Ceres, ana yi masa kirari a tituna. Amma birni ba ya cin kirari. Mutanen da ke kusa da shi suna ta tuna masa cewa abinci na ƙarewa, injinan tace iska na buƙatar gyara, kuma abin da ake shukawa a Ɗamara ya dogara ne da kayan da ake kawowa daga duniyar da ya ragargaza. Shi kuwa hankalinsa na kan yaƙi. Da rundunar haɗin gwiwa ta duniya da Mars ta tunkaro, sai ya kwashe kayan abinci da na gyara ya loda a jiragensa, ya bar miliyoyin mutanen da ya ce yana yaƙi dominsu da abin da ba zai kai su ko'ina ba. Lissafinsa shi ne abokan gaba su gaji nauyin ciyar da su. Bayan tafiyarsa bama-bamai suka tashi a tankunan ruwan birnin.

A ganina nan ne zuciyar zangon take, ba a yaƙin ƙarshe ba. Marubutan sun ƙi yarda cewa wanda ya iya bayyana ciwonka shi ne lallai mai maganinsa. Sun kuma ƙi wanke manya. Chrisjen Avasarala, shugabar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda 'yar wasa haifaffiyar Iran Shohreh Aghdashloo ta fito a matsayinta, ita ce a kashin farko na fim ɗin gaba ɗaya ta sa aka rataye wani ɗan Ɗamara a ƙugiya, nauyin ƙasa kaɗai na azabtar da shi. Yanzu ga ta a Ceres tana rabon kayan agaji, tana kuma sane da cewa ana ɗaukar hoto. Taimako ne na gaske, kuma siyasa ce ta gaske, fim ɗin bai ce ka zaɓi ɗaya ba.

Tsakanin waɗannan biyu akwai Camina Drummer, wadda Cara Gee ta fito a matsayinta. 'Yar Ɗamara ce da ta ƙi bin Marco, ta rasa jirage da iyali saboda haka, sannan ta fasa rumbunan da ya ɓoye a sarari ta kawo wa Ceres abincin. Ba ta yarda da Avasarala ba ko kaɗan. Lokacin da ta amince su haɗa kai, fuskarta ta nuna ta san farashin: mutanenta za su kira ta 'yar koren baƙi.

Wa ke riƙe da burtali?

Yaƙin ya ƙare ne a bakin wata ƙofa. Tun a zango na uku aka gano wani makeken zobe da wasu halittu da suka shuɗe suka bari, wanda ke buɗewa zuwa ƙofofi fiye da 1,300, kowacce da rana da duniyoyinta. Naomi Nagata, injiniyar jirgin Rocinante, ita ta gano cewa idan kaya suka yi wa ƙofar yawa a lokaci guda, jirgin da ya biyo baya ɓacewa yake yi. Da wannan aka halaka Marco, Naomi kuma ta ba da umarnin tana zaton ɗanta Filip na cikin jirgin.

Da wani fim ne, a nan za a tashi. The Expanse sai ya ware mintunansa na ƙarshe ga zaman teburi. Matsalar ita ce, idan akwai sabbin duniyoyi masu iska da ruwa kyauta, babu mai sauran buƙatar 'yan Ɗamara, su kuma jikinsu ba zai bari su zauna a can ba. An ci moriyar ganga, za a ya da kwaurenta. Sai aka kawo shawarar kafa wata ƙungiyar sufuri mai zaman kanta da za ta riƙe ƙofofin, ta tsara wanda zai wuce da lokacin wucewarsa, ta karɓi kuɗin hanya.

Wannan magana ce da ake yi a Dakoro tun kafin a haifi marubutan. Dokar 1961 ta shata iyakar arewa da noma bai kamata ya tsallaka ba, domin a bar wa makiyaya fili, amma yawan jama'a da ƙarancin ƙasa sun tura gonaki sun haye ta. Dabbobin da ke gangarawa kudu da rani su komo arewa da damina dole su bi ta burtali a tsakanin gonaki, kuma duk shekara ana samun inda burtali ya tsuke ko ya toshe. A can arewa kuwa ciyawa ta kowa ce a takarda, amma wanda ke da iko da rijiya shi ke da iko da ciyawar da ke kewaye da ita, tunda garke ba ya kiwo inda ba zai sha ba. Shi ya sa dokar makiyaya ta 2010 ta amince da zirga-zirgar dabbobi a matsayin haƙƙi, shi ya sa kuma aka kafa kwamitocin kula da filaye har matakin ƙauye. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan kwamiti ya san cewa rubuta doka ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce wa zai zauna a kujerar shugaba.

A nan zaman fim ɗin ya cije. Duniya da Mars ba su yarda 'yar Ɗamara ta shugabanci ƙungiyar ba, Drummer kuma ta ƙi karɓar alƙawarin "a hankali za a kai ga ba ku", domin an sha yi musu shi. Aka daidaita a kan James Holden, kyaftin ɗin Rocinante, ɗan duniya da kowa ya yarda da gaskiyarsa. Ya karɓa bisa sharaɗin Drummer ta zama mataimakiyarsa. Aka rantsar da shi, ya hau mumbari, ya yi murabus nan take, kujerar ta faɗa hannunta.

Wurin yana da daɗin kallo, amma ni bai gamsar da ni ba. Bayan zango shida ana nuna mana cewa 'yan Ɗamara sun biya da jininsu, a ƙarshe haƙƙinsu ya zo ne ta hanyar kirkin mutum ɗaya daga cikin manya. A tarihin da muka sani, ba kasafai mai riƙe da igiyar guga ke miƙa ta don kunya ba. Wataƙila marubutan ma sun san haka, domin sun bar wata baraka a buɗe: a duniyar Laconia da ke bayan ɗaya daga cikin ƙofofin, wani hafsan sojan Mars da ya ɓalle, Winston Duarte, yana gina rundunar da ta fi ta kowa. Littattafai uku na ƙarshe, waɗanda ke tsallake kusan shekara 30, su ke ba da labarinsa, kuma fim ɗin bai kai gare su ba.

Kilo 24 daga Agadas

Shekara uku da rabi bayan rufe fim ɗin, Mars ta shigo labaran Nijar ta hanyar da babu wanda ya zata. A ranar 16 ga Yulin 2025, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani dutse a birnin New York kan dala miliyan 5.3 har da kuɗin dillanci, kusan biliyan 3 na kuɗin CFA. Nauyinsa ya ɗan haura kilo 24 da rabi, kuma shi ne yanki mafi girma na duniyar Mars da aka taɓa samu a doron ƙasa. An tsince shi ne a hamadar jihar Agadas a Nuwamban 2023.

Yadda irin wannan dutse ke zuwa shi ne, wani babban dutse ya daki Mars da ƙarfin da zai watsa ɓaraguzanta zuwa sarari, su yi ta yawo shekaru masu ɗimbin yawa, wani ya faɗo nan. Cikin duwatsun sama fiye da 77,000 da aka yi wa rajista, kusan 400 ne kawai daga Mars. Darajarsu ta wuce ta ado. Har yau babu kumbon da ya je Mars ya dawo da ko cokali ɗaya na ƙasarta. Don a gane tsadar abin, sai da NASA ta shafe shekara 7 kafin kumbonta OSIRIS-REx ya dawo da giram 121 daga wani dutse mai suna Bennu a Satumban 2023.

Dutsen Agadas ya bi ta hannun dillalai ya isa Italiya, aka nuna shi a Rum, masana a jami'ar Florence suka yanki ɗan samfuri, daga nan sai New York. Ba a bayyana mai sayarwa ba, ba a bayyana mai saye ba. Ko sunan da aka ba shi, NWA 16788, na nufin arewa maso yammacin Afirka ne kawai, babu Nijar a ciki.

Gwamnati a Yamai ta ce lamarin ya yi kama da fataucin haram, ta kafa bincike, sannan a watan Agusta Janar Abdourahamane Tiani ya dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama daga ƙasar. Sotheby's ya ce an bi duk ƙa'idojin da suka dace wajen fitar da dutsen. Farfesa Paul Sereno na jami'ar Chicago, wanda ya daɗe yana tono ƙasusuwan dabbobin da a hamadar Nijar, na cikin waɗanda suka ce a mayar da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne, dokar kare kayan tarihi ta Nijar ta 1997 ta ambaci samfuran ma'adinai, amma ba ta kira duwatsun sama da suna ba.

Giɓin ba a Nijar kaɗai yake ba. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa mallakar wata ko wata duniya, amma a 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba kamfanoninta damar mallakar abin da suka haƙo a can, Luxembourg ta bi sahu a 2017. Yarjejeniyar Artemis ta 2020 ta ɗora a kan wannan fahimta, kuma Najeriya da Ruwanda ne ƙasashen Afirka na farko da suka sa mata hannu a Disamban 2022. Wato zaman teburin da fim ɗin ya ajiye a ƙarnukan da ke gaba an riga an fara shi.

Sai dai darasin Ceres na da kaifi biyu, kuma zai zama rashin adalci a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Nijar ta ƙwace lasisin Imouraren daga kamfanin Orano a Yunin 2024, ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa a Yunin 2025, ta kuma rufe ƙofar fitar da duwatsu. Mutane da yawa sun yi murna, kuma suna da hujja. Amma tun 2006 dokar ma'adinai ta tanadi kashi 15 cikin 100 na kuɗin shiga ga ƙananan hukumomin yankin da aka yi haƙar, kuma shekara da shekaru mazauna arewa na kukan cewa kuɗin ba ya isowa yadda ya kamata. Da a ce an dawo da dutsen Agadas gobe, tambayar mai jan guga a Bader Goula ba za ta sauya ba: nawa ne a ciki zai zama famfo?

Manomin Zagami

Ba wannan ne karon farko da Mars ta jefo wa wannan yanki dutse ba. A ranar 3 ga Oktoban 1962, wani manomi na cikin gonarsa kusa da Zagami a lardin Katsina, sai ya ji ƙara mai firgitarwa, wani abu ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono shi, dutse ne mai nauyin kusan kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna.

A lokacin babu wanda ya san daga ina ya fito. Sai bayan da kumbunan Viking suka sauka a Mars a 1976 suka auna iskarta, masana suka samu abin gwadawa, kuma a 1995 aka tabbatar cewa iskar da ta maƙale a cikin dutsen Zagami irin ta Mars ce. Kafin nan, a ƙarshen shekarun 1980, wani dillalin Amurka ya riga ya samu babban kaso daga cikinsa. Aka yi ta yanka shi ana sayarwa giram-giram, yau gutsattsarinsa na warwatse a gidajen tarihi da ɗakunan bincike da akwatunan masu tara kayan sha'awa a ƙasashe da dama.

Wani ɗan mitsitsi daga ciki ya yi tafiyar da ta fi ta sauran. Masana sun maƙala shi a jikin wata na'ura ta kumbon Mars Global Surveyor, aka harba shi daga Florida a Nuwamban 1996. Kumbon ya isa Mars a 1997, ya yi aiki har Nuwamban 2006 lokacin da ya daina amsa kira. An bar shi can yana zagaya jar duniyar, da ƙwayar dutsen gonar Katsina a jikinsa.